Likita ya ce sai an yi wa hannuna aiki, maigida ya ce a dakata

Assalamu alaikum Hajiya. Ni tela ce a garin Daura, shekaruna 44, ina ɗinki a cikin gida tare da yara uku masu koyo. Kusan shekara biyu ke nan hannuna na dama yana mutuwa. Da farko da dare ne kawai, in farka yatsuna sun sage suna zugi, sai na yi ta yarfe hannun kafin ya saki. Yanzu ko da rana ba ya saki. Babban yatsa da manuni da na tsakiya kamar ba nawa ba. Allura takan faɗi ban sani ba, ba na jin zare, ran nan dutsen guga ya ƙona ni sai ganin tabon na yi. Naman gindin babban yatsan ma ya lotsa. Na hagu shi ma ya fara, amma da dare kawai. Ina da ciwon suga shekara shida. Na sha magungunan kemis, an yi mini ƙaho, na yi wata uku ina kwana da maɗaurin wuyan hannu da aka ba ni a asibiti, an kuma yi mini allura a wurin, na ji sauƙi kamar wata biyu, abu ya dawo. Yanzu likitan ƙashi a Katsina ya ce jijiya ce ta matse, sai an yi aiki. Maigida malamin firamare ne, ya ce a dakata, don an taɓa yi wa yayansa aiki a gadon baya bai ƙara tafiya daidai ba, ga kuma rashin kuɗi. Mahaifiyata ta ce hannun mutane ne saboda kasuwa ta buɗe mini, asibiti ba shi da maganinsa. Ni kuma tsorona kada a taɓa hannun in rasa shi gaba ɗaya, da shi nake taimakawa wajen kuɗin makarantar yara biyar. Ga Babbar Sallah saura mako biyar, kayan mutane sun cika ɗaki. In yarda a yi, ko in ci gaba da haƙuri?

Wata 'yar'uwa daga Daura

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Shekara biyu mace tana kwana tana yarfe hannu, gari ya waye ta hau keke, ta dafa, ta wanke, ai ba ƙaramar juriya ba ce. Tsoron da kike ji kuma yana kan hanya, duk wanda abincinsa ke hannunsa dole gabansa ya faɗi in aka ambaci wuƙar likita. Amma tunda shawara kika nema ba zan yi miki kwana-kwana ba. Bisa abin da kika rubuto, ina ganin ki yarda a yi aikin, ki kuma nemi a sa miki rana cikin mako na farko ko na biyu bayan Babbar Sallah. Bari in faɗa miki dalilina, sannan mu zo kan maigida da Inna, don su ma maganarsu abin saurare ce.

A wuyan hannu, ta wajen tafi, akwai wata 'yar hanya matsattsiya. Ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu ne suka yi mata gindi da gefe, wani tantani mai kauri da tauri ya rufe ta daga sama. Ta cikinta jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, sai kuma ta goma, wadda ke ɗaukar saƙon ji daga babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin yatsan zobe. Ita ce kuma ke motsa naman nan na gindin babban yatsa. Ke tela ce, kin san ƙubakar wando. Ki ɗauka an zura zariya goma a ƙubaka ɗaya, tara masu ƙwari, ɗaya mai laushi. In wuri ya ƙara cika, ƙubaka ba ta buɗewa, mai laushin ce ke shan matsa. Aikin likita shi ne ya farke saman ƙubakar wuri ya samu. Ba ya yanka jijiyar, ba ya taɓa ƙashi, ba ya cire komai daga hannun. Wannan shi ne ciwon da za ki ji likitoci suna kira kafal tanel.

Ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza, ya kuma fi yawa tsakanin shekara 40 zuwa 60. Ciwon suga, ƙiba, juna biyu, amosanin gaɓɓai da raunin aikin ƙwayar nan ta wuya da ake kira tayirod duk suna share masa hanya. Aikin da ake maimaitawa da ƙarfi, wuyan hannu a lanƙwashe, irin yankan shadda da almakashi tun safe har dare, yana ƙara masa. Da dare yake farawa saboda yawancinmu da hannu a tanƙware muke barci, hanyar ta ƙara tsukewa.

Da a shekarar farko kika rubuto mini, lokacin da dare kaɗai yake tashe ki, da na ce ki riƙe maɗaurin ki rage aiki, don mutane da yawa a nan suke samun sauƙi, na mai juna biyu ma sau da yawa haihuwa ce ke sallamarsa. Ke kin wuce wannan matakin, kuma wasiƙarki ce ta nuna. Mutuwar yatsun ta zama ta dare da rana. Maɗauri da allura, waɗanda su ne ake gwadawa kafin a yi zancen tiyata, an gwada su sun gaza. Sai kuma wanda ya fi damuna, naman gindin babban yatsa da kika ce ya lotsa. Naman nan ba ya ramewa sai jijiyar da ke kai masa saƙo ta fara lalacewa. Shi ne ke sa babban yatsa ya zagayo ya haɗu da sauran, wato da shi kike riƙe allura, da shi kike buɗe almakashi, da shi kike ɓalla maɓalli. Jijiya in ta samu sarari tana farfaɗowa, amma a hankali, kamar milimita 1 a rana. Naman da ya daɗe bai samu saƙo ba kuwa, akwai lokacin da ko an buɗe hanyar ba ya komawa yadda yake. Saboda haka haƙurin da kike tambaya a kai ba zai bar hannun yadda yake yau ba, kowane wata da ya wuce yana rage abin da za a iya cetowa.

Akwai wata yaudara a ciwon nan da nake so ki sani tun yanzu. In jijiyar ta ci gaba da mutuwa, zugin dare yakan ragu. Mutum ya fara samun barci, a gida a ce alhamdulillahi sauƙi ya samu, ga shi ba a yi aikin ba. Alhali jijiyar ce ta gaji har ta daina kai ƙara. In kika ga zugi ya lafa amma yatsu suna nan a mace, kada ki ɗauke shi waraka.

Zan kuma gaya miki abin da aikin ba zai yi ba, don kada ki shiga da dogon buri ki fito da ɓacin rai. Zugin dare da mijiryar nan su ne ke fara tafiya, mutane da yawa cikin 'yan kwanaki suke samun barcinsu. Jin yatsu kuwa yakan ɗauki watanni, wani har shekara, kuma ga wadda ta yi shekara biyu ga ciwon suga, yana iya dawowa bai cika ba. Naman da ya lotsa ba lallai ya ciko duka ba. Masu suga suna amfana da aikin ƙwarai, sai dai warkewarsu ta fi jan lokaci. Ki faɗa wa maigida da Inna wannan da bakinki kafin ranar, don kada bayan wata ɗaya a ga yatsa bai farka ba a ce ai mun faɗa.

Kafin a kai ga ranar akwai abubuwan da za ki tabbatar. Ciwon suga shi kansa yana cin jijiyoyi, amma nasa yakan fara daga tafin ƙafa, dama da hagu, kuma ba ya ware yatsa. Matsewar jijiya a wuya ita ma tana saukowa hannu. Ki lura da ƙaramin yatsanki: in yana nan garau sauran suna mace, wannan ya dace da abin da likita ya faɗa, domin shi wata jijiya dabam ce ke kula da shi. In kina jin ƙafafunki suna mutuwa ko wuyanki na ciwo, ki faɗa masa. Akwai gwajin da ake yi da 'yar wutar lantarki mara cutarwa a auna saurin tafiyar saƙo a jijiya, yana nuna inda ta matse da kuma yadda ta jigata. Ki tambayi likitanki ko yana son a yi shi, da inda zai tura ki. Sai gwajin suga na wata uku, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a tsawon lokaci, don likita ba zai so ya tsaga fata suga na sama ba, ciwon kan yi jinkirin haɗewa ko ya yi ruwa. Makonni biyar ɗin nan ki mai da su na gyaran suga, magani kan lokaci, a ja baya da lemo da cincin ɗin Sallah.

Aikin kansa ƙarami ne a wurin likitocin ƙashi. Yawanci allurar kashe zafi ake yi a tafin hannu, kina farke kina jin hirarsu, ba a sa ki barci. Tsagar ba ta wuce santimita 3 zuwa 5 a gindin tafi, a gama cikin kamar minti 20, a ɗinke, a naɗe, ki koma gida ran nan. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Akwai wata hanyar da ake zura 'yar kyamara ta ƙaramar kafa, tana ɗan gaggauta komawa aiki, amma bayan watanni sakamakon duka ɗaya ne, don haka kada ki wahalar da aljihu wajen nemanta. Haɗari akwai shi, kamar kowane aiki. Ciwon na iya yin ruwa, tabon na iya yin tsami na wasu makonni, gindin tafi kan yi ciwo in an dogara a kansa har wata biyu ko uku, ƙarfin damƙa kan ragu kafin ya dawo. A ji wa jijiyar rauni a wurin aiki, wanda shi ne ainihin abin da kike tsoro, yana faruwa amma da wuya ƙwarai, musamman a hannun wanda ya saba. Kina da haƙƙin ki tambayi likita ko aiki ne da yake yawan yi, wace allura zai yi miki, nawa ne kuɗin gaba ɗaya har da magani da wankin ciwo, da kuma abin da yake sa ran zai dawo a hannunki da abin da ba ya sa rai. Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Maigida kuma, kada ki ɗauki maganarsa rashin tausayi. Mutumin da ya ga yayansa ya shiga ɗakin tiyata da ƙafafunsa ya fito ba yadda ya shiga ba, kalmar aiki kaɗai ta ishe shi firgita. Sai dai aikin gadon baya ana yin sa ne daf da lakar da ke riƙe da ƙafafu da mafitsara, a sa mutum barci na awanni, a kwantar da shi kwanaki. Naki a tafin hannu ne, idonki biyu. Wannan bayanin zai fi shiga kunnensa daga bakin likita, don haka ki roƙe shi ya raka ki Katsina ganin likita na gaba, ya yi tambayoyinsa da kansa. Kafin nan, wata rana bayan isha'i yara sun kwanta, ki ajiye masa tafukanki biyu a jere ya dubi gindin manyan yatsun, ki ba shi allura ya ga yadda kike fama kafin ki ɗauke ta daga tabarma. Maza da yawa ba sa gane girman ciwon da ba ya zubar da jini sai sun gani. In har zuciyarsa ba ta kwanta ba, ku ji ta bakin likita na biyu, ba laifi ba ne. Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Janar Amadi Rimi, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sharaɗin kawai shi ne neman ra'ayi na biyu ya zama na mako biyu, kada ya zama hanyar ɗage magana zuwa baɗi.

Zancen kuɗi gaskiya ne, albashin malamin firamare kowa ya san inda yake tsayawa. Ku zauna ku yi lissafi a takarda: abin da ya tafi kemis da wurin masu magani a shekara biyu, ɗinkin da kika mayar don hannu ya ƙi, sannan abin da gidan zai rasa in almakashi ya gagare ki gaba ɗaya. Tunda ma'aikaci ne, ya bincika ko sunanki yana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Katsina, da abin da tsarin ke ɗauka. Kuɗin ɗinkin Sallah ki ware wani kaso tun daga yau ki sa masa sunan hannu, in kina adashe ki roƙi uwar adashe ta matso miki da ɗaukarki.

Inna kuwa kada ki yi gardama da ita. Uwa ce ta ga 'yarta na shan wuya, ta ba abin sunan da ta sani. Ki ce mata ta ci gaba da addu'a, ke ma ki riƙe azkar ɗinki, a yi tofi, a yi sadaka, babu ɗayansu da ya hana zuwa asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, neman maganin kuma ba ya rage tawakkali. Abin da za ki ƙi, cikin ladabi amma ba ja da baya, shi ne a ƙara sa aska ko ƙaho a wuyan hannun nan. Jijiyar tana kusa da fata, kuma ciwon mai suga ba ya warkewa da wuri. Haka duk jiƙon da aka haɗa da zuma mai yawa, ko wanda aka ce sai kin ajiye maganin suga kafin ki sha. Zargin mutane kuma ina roƙonki ki cire shi daga ranki. Ciwon da ya zaɓi yatsu uku da rabi ya bar ƙarami, daidai yadda jijiyar ta rarrabu, ya riga ya faɗi asalinsa, kuma zato na iya raba ki da maƙwabtan da za ki buƙata ranar da hannu ke naɗe.

Magungunan kemis ɗin nan ma a dakata da su haka. Masu kashe zafi irin su diklofenak ba sa buɗe hanyar da ta matse, shan su kullum kuma yana cin ciki da ƙoda, ƙodar mai suga kuwa dama abin lallaɓawa ce. Wasu haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda akwai ƙwayoyin da ke tayar da suga a ciki. Ki kwashe duk abin da kike sha ki nuna wa likita.

Dalilin da ya sa na ce bayan Sallah shi ne kalandarku ta Daura ta ba ki sarari. Daga Babbar Sallah zuwa Sallar Gani da ake yi a watan Maulidi wata uku ne, kusan daidai lokacin da hannu ke buƙata ya dawo da ƙarfinsa, kuma a tsakanin nan ne ɗinki ke lafawa. Jinkirin mako shida ko bakwai bayan shekara biyu abu ne da likita zai iya amincewa da shi, amma ki tambaye shi, in ya ce hannun ba zai jira ba, maganarsa ce gaba da tawa. Ki je a rubuta ranar tun yanzu. Daga yau kada ki ƙara karɓar yadi ko ɗaya. Yanka ki miƙa wa wadda ta fi ƙwarewa cikin yaranki, ke ki auna ki zana, a kai almakasan a wasa su, guga kuma ki bar shi gaba ɗaya tunda yatsun ba sa jin zafi. Ranar layya ma yankan nama da suya a ba wasu, wuƙa da tafasasshen mai ba na hannun da ba ya ji ba ne.

Bayan aikin, kwanakin farko ki riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, ki ɗora shi kan matashi in za ki kwanta, ki kuma riƙa motsa yatsu tun ranar farko don kada su ƙage. Ciwon ba ya son ruwa har a cire zare. Alwala ba za ta gagara ba, shari'a ta yarda a yi shafa a kan bandeji, ki tambayi malaminku ya nuna miki yadda ake yi, har da wanka. Ci da cokali ko da hagu saboda lalura ba komai. Ki samu ƙanwa ko babbar 'yarki ta riƙe girki da wanki na mako biyu zuwa uku, wankin ciwo kuma ki tambaya ko za a iya yi miki a asibiti a Daura don ki huta da zirga-zirgar Katsina. Tura yadi a ƙarƙashin keke yakan yiwu bayan mako uku ko huɗu, amma yankan shadda, matse wanki, daka da ɗaukar bokiti sai an yi mako shida zuwa takwas. In aka tura ki sashen gashin ƙashi, wato masu motsa gaɓɓai, ki je. In kuma kika ga kumburi na ƙaruwa, wurin ya yi ja, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi, a ranar za ki koma asibiti. Masu kawo miki ɗinki ki sanar da su tun yanzu cewa za ki huta wata ɗaya da rabi kuma yara na nan suna aiki a gabanki. Wanda ya san hannunki zai jira.

In kuma duk da haka aikin bai yiwu ba a wannan karon, ko don kuɗi ko don gida bai daidaita ba, kada a bar abin haka sakaka. Ki koma wurin likita ku yi maganar allura ta biyu, da sanin cewa lokaci kawai take saya, tana kuma ɗaga suga na wasu kwanaki, ba a kuma son a yi ta maimaita ta. Ku tsayar da wata takamaimai da maigida, ki ci gaba da kwana da maɗauri, duk mako ki gwada haɗa kan babban yatsa da kan ƙarami ki matse. Ranar da kika ga haɗuwar na gagara, wa'adin ya cika ko watan bai zo ba.

Na hagun kada a haɗa shi da na dama a rana ɗaya ko da an ce zai fi sauƙin kuɗi, kina buƙatar hannu guda na tsarki da sa tufafi. Shi har yanzu yana matakin da maɗauri ke yi wa aiki, kuma nauyi zai ƙaru a kansa lokacin da ɗan'uwansa ke jinya, don haka ki samo masa nasa maɗaurin ki fara kwana da shi daga daren yau, ki kuma sa likita ya duba shi a zuwanku na gaba. Ki gaishe mini da Inna da maigida. Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.